Ranar da Aka Ɗauke Akwatin Muryoyin Tsofaffi

Har gobe ban manta da ranar da aka zo ɗaukar akwatin ajiyarmu ba, kuma duk sa'ad da na tuna sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Ku da kuka shigo aikin radiyo daga baya, ku saurara.

A lokacin ni ce mai kula da ajiyar shirye-shirye a wani ƙaramin gidan radiyon al'umma a yankin Magarya. Wani furoje, wato shirin tallafi na raya karkara, ya kawo mana kayan aiki, ciki har da wannan akwati. Ɗan baƙin abu ne, bai fi kwanon awo girma ba, an haɗa shi da kowace odinata, wato kwamfuta, ta gidan. Mai ɗauko rahoto in ya dawo daga ƙauye sai ya zuba muryoyi a ciki, mai haɗa shiri ya ɗauka daga nasa ɗakin. Diski biyu ne a cikinsa, abin da ya shiga ɗaya yana shiga ɗayan. Wannan ya sa muka saki jiki, ba mu ajiye kofi a wani wuri ba.

Shekaru muka yi muna bin Dogo-Dogo da Guci da Sassumbrum a kan babur muna ɗaukar tsofaffi: waƙoƙin daka, kirarin noma, tarihin rijiyoyi, labarin shekarun yunwa. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Furoje ya ƙare. Bayan girbi sai ga motarsu daga Damagaram, da wani mai kula da kaya, Mushe Salisu, wato Malam Salisu a Faransanci. Dokarsu ita ce, abin da ba a mallaka wa gidan radiyo ba zai koma hannunsu, a goge shi, a ba wani biro, wato wani ofis. An bar mana makirfo da na'urar haɗa sauti, akwatin kuwa ba ya ciki.

Na ce masa, "Mushe, akwatin naku ne, ban musa ba. Amma abin da ke ciki na mutanen nan ne. Ku ba ni zuwa gobe in aro diski wajen mai hoto in kwashe."

Ya ce, "Madam, direba na jira. Mota ba ta kwana a nan."

"To ku bar shi, ni da kaina zan kawo muku."

"Ba ni da wannan izini."

Na juya wajen direktanmu, Malam Habu, ina jiran ya sa baki. Ya ja ni gefe ya ce, "Rabi, ki yi haƙuri. Akwai wani furoje da ke tafe, kada a ce ba mu da godiya." Shi da ya sha zama a tabarmar tsofaffin nan ana ba shi fura, abin da ya iya faɗa ke nan.

Mushe Salisu ya zare wayoyin da hannunsa. Da ya ga na tsaya a bakin ƙofa sai ya ce, "Kada ki damu, ba za a taɓa komai ba sai kin zo."

Bayan 'yan kwanaki na hau mota zuwa Damagaram da diskin aro a jakata. Na tarar da akwatin a kan teburinsa, fitilarsa na ƙyaftawa. Ya buɗe mini odinata. Babu komai sai hotunan bikin rufe furoje, manya riƙe da kwalaben lemo.

"Ina namu?"

"An goge, bisa doka. Ai tsofaffin fayil ne."

"Kai ka ce ba za a taɓa ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Da kun san suna da muhimmanci, da kun ajiye kofi."

Na kai maganar ga wani mai gyaran odinata a garin. Ya ce tunda an zuba sabon abu a kai, kuma ba za su ba ni diskin ba, in haƙura. A mota na yi kukana, na baƙin ciki da na haushi.

Da na dawo, na shiga ɗakin watsa shiri na faɗa wa jama'a abin da ya faru, ban ambaci sunan kowa ba. Malam Habu bai ji daɗi ba, ni ma ban nemi jin daɗinsa ba. Na roƙi duk wanda ya taɓa ɗaukar shirinmu a wayarsa ya kawo. Ranar kasuwa mutane suka riƙa zuwa, wani da waƙa rabi, wani da hira mai kukan jaki a baya. Abin da muka tara bai taka kara ya karya ba, amma mun karɓa hannu biyu.

Cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa daga Guci, Inna Zulai. Ita ba waya ta kawo ba. Ta ce, "'Yata, kin ɗauki malam mijina yana ba da tarihin rijiyar garinmu kafin ya rasu. Jikokinsa ba su san muryarsa ba. Ko tasa ta tsira?"

Na bincika a gabanta. Babu. Ta ce, "Allah ya sa ya huta," ta ɗauki sandarta. Ba ta zagi kowa ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, diski biyu a akwati ɗaya ajiya ɗaya ce, hannu ɗaya ke ɗauke ta. Ku ajiye kofi a wani ɗaki, wani kuma a wani gari. In an kawo muku kaya kyauta, tun ranar farko ku tambayi na wa ne in aiki ya ƙare. Kada kuma ku jingina amanar mutane da alkawarin wanda bai taɓa zama ya saurare su ba, don a wurinsa fayil ne, a wurin Inna Zulai kuwa mijinta ne.