Uban Yarinya Mai Asma

Yana zaune a ƙarshen benci a ɗakin jiran likitan yara. Ƙato ne, faratansa duk baƙin mai, ina jin bakanike ne. 'Yarsa ƙarama ta jingina da shi, ƙirjinta na kuka kamar usur.

Talabijin ɗin bango na ba da labarin wani bincike kan yadda asma ke bin jini. Wata tsohuwa ta ce, "Ai dama gado ne, ko wajen uwa ko wajen uba."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Nasa numfashin ma da ƙyar yake fita, yana ta rufe shi da gyaran murya.

"Baba, ka shaƙi naka mana," in ji yarinyar.

"Ni lafiyata ƙalau, uwata."

Ta zura hannu aljihunsa ta zaro maganin shaƙar. Ya karɓa, ya juya wa mutane baya kamar mara gaskiya, sannan ya shaƙa. Ita kuwa tana bubbuga bayansa a hankali, yadda nake zaton shi yake yi mata a gida.