Malam Isufu da Kabarinsa a Ƙauyen Nasara

Tun shekarar yaƙin Kuwait, lokacin da muke liƙe tagogi a unguwarmu ta Ulaisha a nan Riyad saboda tsoron iskar guba, nake kwana ɗaki ɗaya da Malam Isufu mutumin Tasawa. Ranar Laraba bayan la'asar direban gidan da yake aiki ya same ni a ƙofar masallaci, ya ce Allah ya yi wa Isufu rasuwa a Faransa, har ma an yi jana'iza. Na yi salati. Sannan na tambaye shi wa ya yi masa wanka. Ya ce bai sani ba.

Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Isufu mai lambu ne a gidan wani Bafaranshe a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Duk lokacin zafi maigidan kan tafi da shi ƙauyensu ya gyara masa gonar gado. Idan ya dawo, sai mu sha labari har mu gaji.

Wai ƙauyen yana cikin kwari, rafi ya raba shi biyu, alkama a tudu, makiyaya a fadama. Wai shanu sun fi mutane yawa, samari duk sun gudu birni, an rufe makaranta, coci ma ba a buɗe shi sai an yi mutuwa. Wai akwai dutse a dandali da aka sassaƙa sunayen waɗanda yaƙi ya ci, gida ɗaya maza huɗu. Wai rana takan ƙi faɗuwa har mai azumi ya fara ganin biyu-biyu. Ni dai ban taɓa yarda da rabin wannan ba, kuma a fuskarsa nake faɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "Tsoho, kai ba ka yarda da abu sai ka taɓa, ga shi saniya ba ta shiga jirgi."

Amma ba maƙaryaci ba ne, wannan na shaida. Ya yi jinyata wata guda da na karye a wurin gini, yana dama mini kunu kafin ya fita. Bai taɓa taka tsiro ba, ko na bakin titi ne. Idan ya ga ana wanke mota da tiyo a sake, sai ya je ya rufe famfo, ko gidan wa ne. Yakan ce, "Wanda bai taɓa jiran ruwan sama ba, shi ke wasa da ruwa."

Yana da aboki a can, wani tsohon manomi da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka bar shi da shanu. Tare suke tatsa da safe. Na sha gargaɗinsa da mutumin, na ce Nasara ba ya son ka banza, ƙarfinka yake so. Ya ce mini shi hannun mutumin ya duba, ya ga irin na babansa ne.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. An ce Isufu a gonar wannan tsohon ya faɗi, wai tsohon ne ya riƙe kansa har ya cika. An ce an kira iyalin Isufu a Tasawa sun yarda a rufe shi can, magajin garin ya ba da gefe guda a maƙabartarsu, an ɗauko limami daga wani gari. Duk "an ce" ne. Na kira Hajiya Rabi, matarsa, ta ce da Faransanci aka yi maganar, ita kuka kawai take yi. A akwati aka sa shi, wai dokarsu ce. An nuna mini hoton kabarin a waya: ƙasa ja, furanni a kai, katanga a baya. Isufu ya gaya mini idan zai yi salla a can yakan ba rafi baya ya fuskanci tudun alkama. A hoton ba rafi, ba tudu. Ina aka juya fuskarsa? Ɗaliban jami'a da ke salla tare da mu sun ce in bar wa Allah, ƙasa duk tasa ce. Na sani. Amma mutumin da ya zo ƙasar nan da burin a rufe shi a cikinta, ai a bar ni in tambaya.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya haskaka kabarinsa ko ina ya fuskanta, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Rabi da yaran haƙuri, ya rufa musu asiri. Tsohon manomin nan kuwa, idan da gaske shi ya riƙe kan Isufu har rai ya fita, Allah ya shirye shi.

Direba ya ce maigidan ya dawo Riyad. Gobe da na idar da asuba zan tafi ƙofar unguwar, in zauna wajen masu gadi har motarsa ta fito. Sunan limamin nan nake so, da lambarsa. Idan babu limami, in ji da kunnena, in dawo in tara mutanen Ulaisha mu yi wa Isufu sallar da ba a yi masa ba.