Motsi a Cikin Bango

Shekara talatin da ɗaya matar magini ba ta taɓa toshe ramin ɓera ba, aikin mijinta ne. Yana da ƙa'idarsa: ya cusa tsohuwar jarida a ramin, ya bar ta kwana uku. In ba a turo takardar ba, babu kowa a ciki ke nan, sai ya kwaɓa siminti da fasasshiyar kwalba ya liƙe.

"Bari 'yan haya su kwashe kayansu tukuna," yake ce mata.

Wata biyu da rasuwarsa ta ga kashin ɓera a bayan kabad ɗin kicin, an huda buhun shinkafa. Ba ta ji haushi ba. Tun ranar jana'iza ba ta jin komai, ko gishiri a miya. Ta ɗauko ragowar simintinsa, kafin azahar ta liƙe ramuka ukun da ta gano a bangon. Jarida ko zuwa ranta ba ta yi ba.

Da la'asar aka fara karce-karce a cikin bango.

Ƙanwarta da ta leƙo gaisuwa ta ce, "Yaya, ai da ransu kika rufe su! A fasa mana."

"Bar shi," ta ce.

Ta jawo kujera jikin bangon. Nan take tsintar shinkafa, nan take shan shayi, motsin kullum yana raguwa. Rana ta biyar ta kara kunne, ta daɗe. Shiru.

Ta ƙwanƙwasa bangon da cokali sau biyu, yadda take yi wa ƙofar ɗakinsa in abinci ya sauka.