Takardar da Yaya Ta Zaro a Kwali

Yayata ta yi shekara goma sha tara a masaƙa, a layi na huɗu, har sunanta ya ɓace, kowa sai Uwar Layi. Ita ke koya wa sababbin shiga ƙulla zaren da ya tsinke ba tare da an tsayar da inji ba. Da yamma takan dawo da auduga a gira, tana magana da ƙarfi kamar mai faɗa, don ƙarar injin ba ta barin kunnenta sai ta yi wanka.

Ranar da aka rufe masaƙar, takarda ma'aikata suka tarar manne a ƙofa. An buɗe iyaka, yadin waje ya cika kasuwa, nasu ya daina sayuwa. Manaja ya ce gwamnati ce, gwamnati ta ce shawarar wata hukumar duniya ce. Yaya ta kasa haɗiye wannan. Wace hukuma, su wa ke zaune a cikinta? Tana da shekara arba'in da uku ta sake zana jarrabawa, ta shiga jami'a karanta hukumomin ƙasa da ƙasa da siyasar tattalin arzikin duniya. Ta yi wa matan layinta alkawari za ta koyi yaren mutanen nan, ta gaya musu abin da suka aikata ido da ido.

Ta sha wuya. 'Yan ajinsu sa'o'in 'ya'yanta ne, suna ce mata Mama, suna ba ta ajiyar jaka. Ni ƙanwarta, malamar firamare, ni ke yi mata bita a kicin, taswirar duniya manne sama da murhu duk ta yi hayaƙi.

A zangon ƙarshe akwai wani Dakta mai ɗabi'a ɗaya. Ba ya ba da jarrabawar rubutu. Zaman taro yake shiryawa a babban zaure, da tutocin kwali da robar ruwa gaban kowa. Ɗalibi ya sa hannu a kwali ya zaro takarda, duk kujerar da ta fito masa ita zai kare, kuma makin ranar shi ne makinsa. Wanda ya faɗi sai ya jira baɗi. Yaya ta zaro, ta buɗe: wakiliyar hukumar da ke ba ƙasashe shawarar buɗe iyaka. Batun zaman kuwa masaƙu ne.

Ta bi Dakta ofis ta roƙi canji. Yana danna waya ya ce ilimi ba ruwansa da son zuciya, wanda bai iya kare abin da ya tsana ba bai yi karatu ba. Maganar ta yi masa daɗi a baki har ya maimaita ta.

Matsalar ita ce tun kafin a zari takarda Yaya ta gayyaci matan layinta, kuma kunya ta hana ta janyewa. Bakwai suka zo, kowace da zanen da suka saƙa da hannunsu. Aka haɗa ni da Goggo, babbar cikinsu, wadda ƙarar inji ta kashe mata kunnen hagu. Ba ta jin Turanci, ni zan riƙa fassara mata ta kunnen dama.

Yarinyar da ta zaro kujerar ƙasa mai masaƙu ba ta taɓa ganin ko ƙoshiyar saƙa ba. Ta karanta abin da ta kwafo, ta zauna. Sai Yaya ta miƙe cikin kwat ɗin aro. Wallahi na zaci za ta yi abin a gurguje ta tsira da makin wucewa. Ina! Wa ya san ɓarnar masaƙar nan kamarta? Ta zayyana injinan da suka girmi masu aiki da su, da rinin da ke zuba a wankin farko, da bandir ɗin yadi da ke fita ta ƙofar baya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta kira matan nan "ma'aikatan da kasuwa za ta sake tsugunarwa", kalmar da ta taɓa jefar da littafi saboda ita. Dakta sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Da ta ga zaure ya yi tsit, ta juyo ta nuna inda muke. Ta ce ga shaida nan zaune, matar da injinan suka kurmantar, shin wannan masana'antar ake so a kare?

Goggo ta ga an nuna ta, duk idanu sun dawo kanta. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta gyara zane, ta ɗaga hannu biyu tana gaida jama'a. Aka ɓarke da tafi. Ban taɓa jin ƙyamar tafi ba sai ranar.

Yaya ce ta fi kowa maki, karo na farko a shekara huɗu. A bakin zaure Dakta ya ce irinta hukumomin ke nema, zai rubuta mata takardar shaida. Na jira in ji ta ce ya riƙe abarsa. Ta rusuna ta yi godiya.

Goggo ta kutsa ta kama hannunta.

"Uwar Layi, kin gaya musu?"

"Na gaya musu, Goggo."

Yaya ba ta yarda mun haɗa ido ba. Goggo ta juyo mini da kunnen dama, fuskarta cike da fara'a.

"Ke kuma kin yi shiru tun ɗazu. Me ta ce a kaina?"

Na sunkuya, na ɗaga murya yadda Yaya za ta ji.

"Ta ce ke ce shaidarta, Goggo."