Katin Bake Mai Sakwara

Ana ta yaɗawa a garinmu Paraku wai ɓarayi daga bayan teku sun biyo ta wayar lantarki sun zuƙe jinin Bake mai sakwara, sun ɗura a kwalabe suna sayarwa. Wani direba har rantse mini ya yi, wai ya ga kwalbar da idonsa a Kwatano. Ƙarya ce tsagwaronta. Jinin Bake yana nan cif a jikinta, in ta hau bayan babur ɗina har yau sai tayar gaba ta ɗaga ta gaida sama. Abin da likita ya rubuta a kan jinin shi aka sata. Jinin ma kuwa ba nata ba ne.

Bake 'yar gwaggona ce, taubashiyata, don haka ina da izinin tsokanarta har kabari. Kada ka ce na tona mata asiri. A wurinmu mutanen Bargu duk 'ya mace ta uku Bake ce, ta biyu Bona, namiji na biyu kuma Sabi, irina. Tsaya a tasha ka ƙwala "Bake!" ka gani, mata arba'in za su waiwayo, da akuya ɗaya.

Tun tsayinta bai kai na taɓarya ba take daka doya. Da mota ta kashe mijinta a hanyar Malanbil, da taɓaryar nan ta ciyar da 'ya'yanta, ta sa su makaranta, abin da ni aka kasa yi mini. Rumfarta tana bakin tasha. Sakwara da miyar gyaɗa, ga soyayyen wagashi, cukun Fulani, yana iyo a kai. In ta fara daka, har masu agogo a can garin Nikki suna gyara lokaci da ƙarar turminta. Direbobi kan bar fasinja a rana su zo su yi layi.

Sai aka kawo katin asibiti, mai hoto da lambar waya, aka ce duk ciwon mutum za a zuba shi a kwamfuta, a ajiye a wuri ɗaya inda ko ɓera ba ya shiga. Bake ta samu. Yayarta Bona, da ke ƙauye, ranar da masu rajista suka je tana daji tsintar kaɗanya, ba ta samu ba. Mu wannan bai dame mu ba. Kati a danginmu kamar tsani ne, aro ake yi. Wanda ba shi da shi sai ya ɗauki na wanda suka fi kama. Katin tsohuwa Yon, wadda haƙoranta suka ƙare tun ina goye, bara sau biyu ya haihu.

Bayan rasuwar mijinta, Bona ta kwanta ciwo, ni na ɗauko ta a babur, Bake ta miƙa mata kati. Kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Da ta fito daga ɗakin likita ban ko iya tsokanarta ba. Ƙanjamau. Kuma da sunan Bake aka rubuta.

"Kati ne ya kamu, ba ni ba," in ji Bake. "Yaya, ki ci gaba da karɓar maganinki da shi. Kai kuma Sabi, in na ji maganar nan a bakin wani, da kai zan yi sakwarar gobe."

Bona ta yi ta karɓa, ta murmure, ta koma gona, har kumatu ta yi.

Damina biyu bayan haka ɓarayin kwamfuta suka fasa ma'ajiyar. Wani babba ya shiga rediyo ya ce ko ƙwayar gero ba ta fita ba. Bai gama rufe baki ba sunayen masu ƙanjamau suka fara yawo daga waya zuwa waya. Da suna ne kawai, da Bake ta ɓace cikin arba'in ɗin nan. Amma ga hotonta da ɗankwalinta ja, ga lambar da kowane direba yake kira ya ce a ajiye masa malmala biyu.

Ba wanda ya zage ta. Da ma zagin aka yi, da ta rama. Layin ne kawai ya gajarce, ya gajarce, har ya zama ni. Akwai Tori, direban da ya yi shekaru yana lashe kwanonta, na tare shi yana raɓewa ta bayan rumfa.

"Tori, yau azumi kake?"

"Likita ne ya hana ni doya."

"Wanda ya hana ka ita a nan, ya halatta maka ita a rumfar can?"

Ya sosa ƙeya. "Sabi, ina da iyali. Wuƙa tana yankan mai girki, ka sani."

Na ce wa Bake ta je a gwada ta, ta manna sakamakon a jikin turmi kowa ya gani. Ta ce, "To sai su tambaya jinin wa aka rubuta. Wa ke kama da ni a duniya in ba mutum ɗaya ba?"

Sai hukuma ta tashi gyara. Ɓarayin ba a kama su ba, abin da ya fita kuma ba ya komawa, amma aka ce daga yanzu ba mai karɓar magani sai ya ɗora yatsa a na'ura ta shaida shi ne mai katin. Fuskar Bona ta Bake ce, yatsanta kuwa nata ne ita kaɗai. Muka roƙe ta ta yi rajista da sunanta. Ta ce, "Na ga abin da aka yi wa mai rumfa a birni. Ni mai 'ya'ya mata a ƙauye, ku bar ni in mutu da sunana a wanke."

Shi ya sa yanzu duk wata Bake ke ɗaura jan ɗankwalinta, ta hau bayana da rana tsaka, mu ratsa ta gaban tasha kowa yana kallo, ta shiga layin masu karɓar magani ta ɗora yatsa. Masu shakka a da yanzu sun tabbatar. Ni kuma in kai wa Bona ƙullin maganin can ƙauye a ƙarƙashin doya.

In an ɗebi jininta, ma'aikaciyar jinya har tafa mata take yi. "Madam Bake, ko alamar ƙwayar cutar babu! Maganin nan ya karɓe ki." A kwamfutar hukuma ba a taɓa samun majinyaci mai lafiyarta ba. Can ƙauye kuwa kumatun Bona sun zube, tari ya dawo, ƙila maganin ne ke son canji, kuma ba likitan da zai duba ta, don a wurinsu babu ita.

Jiya na je rumfar. Rabin turmi ta daka, shi ma ya yi saura. Babban ɗanta ya bar makaranta yana dako a kasuwa. Na zauna a bencin da a da sai an yi faɗa ake samun gefensa, na miƙe ƙafa har ƙarshe.

"Tsohuwa," na ce, "kin zama tauraruwa fa. An ce hotonki ya kai ƙasar Sin. Ki ƙara mini wagashi, ni kaɗai na rage miki a duniya, ki riƙe ni da kyau."

Ta dangwarar da kwanon a gabana har miya ta fantsamo mini a riga.

"Ci ka tashi, bawana. Hukuma ta kasa rufe ƙofarta, kai ka kasa rufe bakinka. Duk garin nan ni kaɗai na iya riƙe sirri, kuma ni ake gudu."