Ranar Ɗaukar Samfur

Duk sanda na ji ƙamshin dutsen guga na gawayi a kan yadi mai sitati, yayata nake gani. Ita ke ɗaukar na ɗaya a aji shida na firamarenmu ta Sabon Gari. A gidan hayarmu har mai sayar da kifi ta ɗakin ƙarshe ta san burinta: ta shiga sakandare a Samaru, inda 'ya'yan malaman jami'a suke karatu.

Wata rana da damina hedimasta ya tara mu, ya ce gobe baƙi za su zo daga Samaru ɗaukar samfur, kowa ya zo tsaf. Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Da la'asar yayata ta hura gawayi, ta goge yunifom ɗinta har yana ɗaukar ido.

Mama na tankaɗe ta ji maganar, ta ajiye rariya. Ba ta daɗe da gama jinyar Baba a asibitin Shika ba, kuma a can in an ce samfur, jini ne ko fitsari a 'yar kwalba.

"Samfur ɗin me? Jinin 'ya'yana? In abin alheri ne, me ya hana su farawa da nasu na Samaru?"

Kafin a gama tuwo maganar ta zaga ɗakuna. Wata ta ce allura ce, wata ta rantse gwajin magani ne. Kada ka yi musu dariya, mai karatu. A wancan zamanin babu uwar da ba ta ji labari mai tsinka zuciya ba.

Da safe Mama ta kulle mu a ɗaki. Yayata ta riga ta shirya, har da safa.

"Mama, don Allah ki bar ni in je, ko ni kaɗai!"

"Ba inda za ki!"

Ashe jarrabawa ce, fensir da takarda! Baƙin sun zo auna yadda yaranmu suke in an gwada su da na Samaru, hedimasta kuma ya ɗebi waɗanda suka yi fice ya sa su ajin shirin shiga sakandare. Baba ya ja jiki ya je roƙo, aka ce masa aji ya cika. Yayata ba ta ga Samaru ba. Ɗinki ta koya.

Yanzu 'ya'yana in malami ya faɗi kalmar da ba su gane ba, a waya suke dubawa. Ni kuwa kwanan nan na ji wani a rediyo yana zuba alƙaluma, wai 'yan matan unguwanni irin tamu ba su damu da boko ba, ko ajin ma ba sa zuwa. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban yarda da shi ba. Ban san yadda suke ƙirga ba, amma na san ɗaya daga cikin waɗanda ba su zo ba. Tana bayan ƙofa cikin gogaggen yunifom, tana kuka.