Usur ɗin Malam da Shebur Mai Koren Ƙyalle

Asabe 'yata, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don kin yi boko. Idan 'yan gayyar kwata sun taru ranar Asabar, ki karanta musu. Ni in na tashi yin magana kuka zai riga ni.

Jama'ar Kpakungu, kun san usur ɗin maigidana Malam, na tagullar nan da ya gada wurin mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. Ko'ina ana busa usur ne don a fara aiki. Shi kuwa ba ya busawa sai wani ya iso. Kana shigowa layin, ko da rana ta take, sai ka ji fiiit! Ya ɗaga hannu kamar mai tare jirgi, ya yi ihu, "Jirgin Baro ya iso lafiya!" Kowa ya juyo yana dariya, kai kuma ka karɓi shebur ɗinka kana jin kamar an aiko maka da mota.

Sakatarenku Malam Idi ya taɓa kawo shawara a riƙa cin masu makara tara. Ina tsakar gida ina jin su a zaure.

Malam ya ce, "Idi, albashin nawa muke biyan su?"

"Ba ma biya, Baba."

"To, mutum ya bar barcinsa ya zo ya shiga ƙazantar unguwa kyauta, sai mu ci shi tara? Wanda bai zo ba fa, ya sha ke nan? Ashe mai zuwa shi ne mai laifi!"

Daga ranar ba a sake zancen ba.

Kowa da nasa shebur, kun sani. Yana ɗaura wa kowanne ƙyalle a ƙota don a gane mai shi, kuma ba ya ara wa wani na wani, ko da sama za ta faɗo. Ƙyallen nan fa zannuwana ne! Sai in ɗauko zane zan je biki in tarar an yage gefe. In ce, "Malam, wane ne ya ci mini zane?" Ya ce, "Mun yi sabon mutum, Hajiya." Ni da ko Suleja ban wuce ba, ranar da ya yi mini ɓarna kaɗai nake zama Hajiya. Man gyaɗana kuwa da nake sayowa a Kasuwar Kure, da shi yake shafe bakin sheburan kada su yi tsatsa. In yi magana ya ce miya tana iya jira, tsatsa ba ta jira. Miyarmu ta yi ta jira har ya koma ga Allah.

Sai Tanko tela. Tanko, ka yi haƙuri, sai na faɗa. Tun da aka kafa gayyar nan shebur ɗin Tanko bai taɓa ganin laka ba, sabo fil yake har yau. Zuwa yake ya dogara a kansa ya yi ta zuba labari. Matasa suka gaji suka ce a kore shi.

Malam ya ce, "Ranar da Tanko ya yi zazzaɓi bai zo ba, yaushe kuka tashi?"

Suka ce tun hantsi.

"Ranar da yake nan fa?"

Suka ce sai azahar suke tashi ba su ma sani ba.

Ya ce, "To, ku kuna kwashe laka, shi yana kwashe gajiya. Ku bar mini ma'aikacina."

Da yamma kuma ba ya zama. Gida gida yake bi yana godiya, kuma ba wanda ya yi aikin yake gode wa ba. Matarsa yake yi wa sallama, ko uwarsa, ya ce, "Mun gode da aron da kika ba mu." Mata suka riƙa tashin mazansu ranar Asabar tun kafin su so tashi.

Wani lokaci in mun zauna bayan la'asar, sai ya zuba wa kwatar ƙofar gida ido. Ya ce, "Watarana ruwan nan zai yi garau har ki leƙa ki ga gajimare yana tafiya a ciki. Ki ga tsuntsu ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarki." In ce, "A Kpakungu?" Ya ce, "A Kpakungu." Ina yi masa dariya. Yanzu kuwa kusan kullum sai na yi mafarkin kwatar nan, ruwa fari tas, sama a kwance a cikinsa, shi yana tafe a bakin ruwan da fararen kaya, ba laka ko ɗigo a ƙafarsa. Ina kiran sa ya zo ya ci abinci, yana ɗaga mini hannu kawai.

Saura zancen Danjuma makaniki. Wata shekara Malam yana kwance ba lafiya, aka mayar da gayya safiyar Lahadi, ba a tuna Danjuma da mutanensa suna coci ba. Da ba su zo ba, wani ya ce raggwaye ne. Maganar ta kai kunnen Danjuma, ya yi fushi ya daina zuwa. Malam ya warke, ya mayar da aiki Asabar, ya je har gareji ya ba shi haƙuri, bai dawo ba. Shekaru suka yi ta wucewa, shebur ɗinsa mai koren ƙyalle yana jingine a zaure, yana shan man gyaɗana kamar kowa. Kuma duk ranar da Danjuma ya bi layin nan a kan babur, sai fiiit! "Danjuma ya iso!"

"Baba, wucewa nake yi!"

"Na gani. Ai ta nan ka wuce."

Ranar da Malam ya rasu, ƙarshen damina ne, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwatar bakin layi ta toshe, ruwa ya kai gwiwa, ba ta inda za a fita da makara. Ina ɗaki cikin mata sai na ji ƙarar shebur a kan siminti. Na ce wane ne? Aka leƙa aka ce wani ne ya shigo zaure bai yi wa kowa magana ba, ya ɗauki mai koren ƙyalle ya faɗa ruwa. Usur ɗin yana rataye a ƙusa saman gado. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na busa da duk ƙarfina! Mata suka yi salati, wata ta ce na zautu. A waje kuwa, aka ce maza suka fashe da dariya suna hawaye, kowa ya ruga ya ɗauko nasa. Har Tanko, an ce ya naɗe wando.

To, ga abin da ya sa na tara ku. Na fita takaba, Asabe za ta tafi da ni gidanta a unguwar Sauka Kahuta, mai gidan hayar nan kuma yana son zaurensa. An ce a kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su auna sheburan. Na ce sai dai a auna da ni. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kwata ta cika da leda. Kowa ya zo ya ɗauki nasa, kun san ƙyallenku, ni ma na san zanena. Wanda ya makara ya zo, ba tara. Usur kuwa Danjuma zan ba, in zai karɓa. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya busa sai wani ya iso.

Allah Ka jiƙan Malam, Ka yafe masa man gyaɗana da zannuwana, ni na yafe tuni. Ka sa ya tarar da ruwan nan mai garau da ya yi ta jira. Ni kuma na makara, ya Allah. In na iso, Ka bar shi ya busa mini.